Windows ramamme ko mai ƙiba: wanne ke karɓar magani ranar da ya kwanta?

Duk wanda ya taɓa saɓa tsohuwar laftof ya nufi Ikeja da kukan ta yi nauyi, ya san amsar da zai ji tun bai rufe baki ba: "Kawo a sa maka layit." Layit ɗin nan Windows ne da aka cire wa wasu sassa don ya yi sauƙi. A soka filashi, kafin ka shanye ruwan leda an gama. Kwamfutar da a da sai ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba, ga ta yanzu tana buɗewa kamar ƙiftawar ido. Ka biya, ka hau danfo, ka koma gida kana murna. To, ba a ranar ake sanin abin da aka sayo ba. Sai bayan wata ɗaya ko biyu, ranar da firinta ta yi kunnen ƙashi, ko kyamara ta yi baƙi ƙirin, ko wata manhaja ta ce ba za ta hau ba sai an kawo mata wani fayil da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Ina da ɗan shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Agege, kuma yawancin masu kawo min aiki mutanenmu ne: 'yan canji, masu POS, dillalan Mile 12 da ke lissafin motocin albasa da tumatir a Excel, da malaman Islamiyya. Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, maganar ta ƙara zafi. Akwai ɗan ƙarin wa'adin tsaro da aka buɗe wa masu amfanin gida zuwa Oktoban 2026, amma wannan lallaɓa ce kawai. Shi kuwa Windows 11 da sharuɗɗansa ya zo: RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, guntun tsaron nan TPM 2.0, sannan furosesa daga zubin Intel na 8 zuwa sama. Tokumbo kuwa da suka cika hannun jama'a, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, duk 'yan zubi na 6 ne. Lafiyarsu ƙalau, sai dai a takarda an ce sun tsufa. Shi ya sa kowa ke neman Windows da aka rage wa nauyi.

Ni idan zan gwada hanyoyin rage nauyin nan, ba na fara duba wanda ya fi gudu ranar farko, don kusan dukkansu suna gudu. Ina duba ne wanne zan iya gyarawa idan ya lalace. A Legas kuwa lalacewa ba ta da makawa.

Ga dalili. Laftof ɗin tokumbo da yawa batirinsu ya mutu ko yana hanya. Ana tsakiyar sabunta Windows sai NEPA ta ɗauke wuta, ko a sauya zuwa janareta, kwamfuta ta mutu fat. Fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa ya rage rabi. Windows na da hanyar warkar da kansa daga irin wannan: akwai wani babban sito a cikinsa mai suna WinSxS, inda yake ajiye kwafin sassansa. Idan ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow, zai bi fayilolinsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya samu da rauni ya ɗauko lafiyayye daga sito ya maye gurbinsa. Idan siton ne da kansa ya taɓu, sai ka yi DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, ya gyara siton tukuna, sannan ka sake yin na farkon. Wannan siton shi ne abin da masu zafin ragewa suka fi sa wa ido, saboda a ido yana da girma. Alhali ma girman da ake gani akwai ruɗi a ciki, don fayiloli da yawa a wurin guda ɗaya ne da waɗanda Windows ke aiki da su, sunansu ne kawai ya fito a wuri biyu. Share shi daidai yake da direban danfo ya sauke safaya da jak a Oshodi don ya samu wurin ƙarin fasinja ɗaya. Motar za ta tafi lafiya lau, har zuwa ranar da taya ta fashe a kan gadar Third Mainland.

Bari in fara da hanyar da ta fi yawa, wato filashin mai gyara, wanda aka riga aka rage tun a wani wuri. Wani malamin Islamiyya daga Idi-Araba ya taɓa kawo min laftof ɗinsa ana saura kwana uku jarrabawa. Ya ce, "Injiniya, Larabci ya ƙi rubutuwa, Hausar ma babu ƙa babu ɗa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wa ya sa maka Windows ɗin nan?"

Ya ce wani yaro ne a kasuwa, kuma wallahi tun da ya sa ta daina nauyi.

Na shiga wurin ƙara harshe, ya yi ta juyi ya dawo da kuskure. Windows na asali yana zuwa da tsarin madannan Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, yana zuwa da na Larabci, kuma kyawawan haruffan Larabci irin Sakkal Majalla da Traditional Arabic ana ƙara su a matsayin ƙarin kaya na zaɓi. A wannan kwamfutar duk an share. Na gwada DISM, ya ba ni 0x800f081f, lambar da ma'anarta ita ce an nemi fayilolin da za a yi gyara da su an rasa. Na nuna wa DISM fayil ɗin Windows na asali a matsayin madogara, ya sake ƙi. A nan na san aikin ya wuce gyara, sai dai a sake ɗorawa daga tushe.

Babbar illar filashin mai gyara ke nan: ba ka san abin da aka cire ba, shi ma wanda ya sa maka bai sani ba, don shi ma saukowa ya yi da shi daga intanet ko ya kwafa wurin maƙwabcinsa. Kana laluben cuta a jikin da ba ka san gaɓoɓin da suka rage masa ba. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne ba ka san abin da aka ƙara ba. A 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya bankaɗo wasu kwafin Windows 10 na sata da aka dasa wa bairos mai sauya adireshin asusun kirifto a lokacin da mutum ya kwafa zai tura kuɗi. Ɗan canjin da ke shiga asusun banki da kwamfuta, ko mai hada-hadar USDT, ban ga dalilin da zai sa ya kusanci wannan hanya ba ko da kyauta ce. Akwai ma wata asara da mutane ba sa lura da ita. Laftof ɗin ofis na tokumbo da yawa suna ɗauke da lasisin Windows Pro a cikin uwar allonsu, da ka ɗora na asali ka shiga intanet zai kunna kansa. Idan aka sa maka wani nau'i daban, wannan lasisin ba zai yi aiki ba, sai a bi da kai ta ɓarauniyar hanya alhali kana da halalinka.

Hanya ta biyu ita ce ka rage da hannunka. Ka sauko da fayil ɗin ISO, wato cikakken kwafin da ake ɗora Windows da shi, daga shafin Microsoft, ya haura giga 5, don haka a nemi datar dare ko a roƙi mai wayafai. Ka tabbatar bai lalace a hanya ba da umarnin certutil -hashfile, ka sa sunan fayil ɗin, ka ƙare da SHA256, sannan ka gwada lambar da ta fito da wadda ke shafin. Kada ka raina wannan matakin. Da irin intanet ɗinmu mai yankewa, ɗorawa da yawa da ke tsayawa a tsakiya laifin saukewa ne ko na filashin jabu, ba na ragewa ba. Daga nan sai ka zaɓi wuƙarka. Akwai tiny11builder, rubutaccen umarnin PowerShell na wani mai suna NTDEV, wanda ya fito da Tiny11 a 2023, kuma kowa na iya buɗe shi ya karanta abin da yake cirewa layi-layi. Akwai kuma NTLite, mai ba ka damar zaɓen kowane sashe da kanka, yana da na kyauta da na kuɗi.

A nan akwai rami ɗaya da ya kamata a sani. Tiny11 iri biyu ne. Na gama-gari yana cire tarkace irin su Clipchamp da manhajojin Xbox da OneDrive da Edge, amma yana barin siton gyara, don haka yana karɓar sabuntawa, ana ƙara masa harshe. Ɗayan, mai suna core, yana kwashe siton, ya kashe Windows Update, ya kashe Defender mai tsare bairos. Mai shi da kansa ya faɗa cewa ba a iya ƙara masa harshe ko sabuntawa ko wani sashe bayan an ɗora, kuma don gwaji aka yi shi, ba don aikin yau da kullum ba. Sai dai da yake shi ya fi ƙanƙanta, shi ya fi burge mai neman nuna gudu. Alamomin da na gani a kwamfutar Malam irin na wannan yankan ne.

Daɗin ragewa da hannunka shi ne idan abu ya lalace kana da zaren da za ka bi. Ni tambaya uku nake yi wa kowace matsala: an kashe abin ne, an cire shi ne, ko dama can ba daga ragewar ba ne?

Wanda aka kashe shi ne mai sauƙi. Firinta ta ƙi fitowa, ka buɗe services.msc ka duba Print Spooler; sau da yawa kashe shi kawai aka yi, ka kunna, magana ta ƙare. Haka na'urar ɗaukar hoton yatsa da ta ƙi aiki, a leƙa Windows Biometric Service. Haka bulutut. Wanda aka cire kuwa mataki-mataki ne. Idan manhaja ta ce ba ta ga VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba, ba wani abin tashin hankali ba ne, ka sauko da Visual C++ Redistributable daga Microsoft, kada ka je shafukan da ke raba fayilolin dll ɗai-ɗai. Idan Teams ko sabon Outlook suka buɗe fari fat, to wanda ya cire Edge ya haɗa da WebView2, injin da waɗannan manhajoji ke hawa. A sake ɗora shi kawai. Idan duk lokacin da yaro ya buɗe wasa wani saƙo mai ms-gamingoverlay ya faɗo, ragowar Xbox ce ke neman 'yar'uwarta da aka cire. Tsofaffin manhajojin lissafin shago da na makaranta kuma da yawa suna neman .NET Framework 3.5, wanda ake kunnawa ta intanet ko daga babban fayil ɗin sources\sxs da ke cikin ISO. Duk waɗannan suna gyaruwa muddin sito na nan. Da ka fara ganin 0x80073701, lambar da ke nufin an rasa wani sashe a cikin siton, ko sabuntawar wata-wata tana kaiwa wani wuri tana komawa baya, to yankan ya kai ƙashi. Buɗe C:\Windows\Logs\CBS\CBS.log, ka nemi kalmar error daga ƙasa zuwa sama, galibi za ka ga sunan sashen da ake nema.

Kashi na ukun, wato matsalar da ba daga ragewa ba, shi ya fi cin lokacin mutane a banza. Kana ɗora Windows a laftof mai zubin Intel na 11 zuwa sama, ya ce bai ga faifan ajiya ba sam. Ba ragewa ba ce, direban Intel RST ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane faifan, a sa shi a filashi a nuna masa. An gama ɗorawa babu wayafai, direba ne, a jona waya da kebul a ba ta intanet ta sauko da shi. Tsohuwar Core 2 Duo ta ƙi tashi da Windows 11 na 24H2, wannan kam babu dabarar da za ta yi, don tun daga wannan fitowar ana buƙatar furosesa mai fahimtar umarnin SSE4.2, ita kuma ba ta da shi. Idan ɗorawar ce ta faɗi a tsakiya, amsar na cikin setuperr.log da setupact.log a babban fayil ɗin Panther.

Idan NTLite ka yi amfani da shi kuma ba ka san wane cikin abubuwa arba'in da ka cire ne ya jawo matsala ba, kada ka mayar da su ɗaya-ɗaya, za ka kwana a shago. Mayar da rabi, ka gwada a VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin taka. Idan matsalar ta tafi, mai laifin na cikin rabin da ka mayar. Ka sake raba shi biyu. Gwaji shida ya isa ya fito da shi. NTLite yana ajiye jerin abin da ka zaɓa a ɗan fayil, ka adana kowanne da kwanan wata, kuma yana da makullin da ke hana ka taɓa sassan da firinta ko sabuntawa ke dogaro da su. Mutane ke cire makullin da hannunsu don son ƙarin megabait ɗari biyu. Sai dai ka tuna kwamfutar gwaji ta cikin VirtualBox ba za ta nuna maka halin wayafai da bulutut da kyamarar ainihin laftof ɗin ba. Wannan hanya ta ragewa da hannu tana da kyau ga mai shagon da zai ɗora wa kwamfuta goma iri ɗaya, ko cibiyar koyar da yara CBT. Ga mai laftof ɗaya tak, wahalar ta fi ribar.

Hanya ta uku ita nake bi da mafi yawan masu zuwa wurina, kuma ita ce mafi ƙarancin burgewa: ɗora cikakken Windows na asali, sannan a rage daga baya. Manhajar Rufus, yayin da take rubuta ISO a filashi, tana ba ka zaɓin tsallake sharaɗin TPM da na RAM, ba tare da ta yanke komai a jikin Windows ba. Bayan an ɗora sai a cire manhajojin da ba a so ta hanyar da aka saba, a hana tarkace tashi tare da kwamfuta ta Task Manager, a rage ƙyale-ƙyalen allo, a gaya wa Windows cewa datar a ƙirge take don ya daina zuƙa ba izini. Idan wuri ne ya yi kaɗan, umarnin compact /compactos:always yana matse fayilolin Windows ba tare da share ko ɗaya ba, kuma DISM na da StartComponentCleanup da ke share tsofaffin kwafi a sito ta hanyar da ba ta cutarwa. Duk abin da ka yi a nan yana warwaruwa. Ko abu ya cakuɗe, ka buɗe ISO ɗin daga cikin Windows, ka danna setup.exe, ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji, ya sake gina kansa. Aibinta a bayyane yake. Ba za ta kai ramammen sauƙi ba, kuma Microsoft ya faɗa cewa bai ɗauki alkawarin sabuntawa ga kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba. A aikace na wata-wata kan shigo, amma babbar fitowar shekara sai ka ɗora da kanka, kuma kowace fitowa ta Home da Pro wata 24 ake kula da ita.

Wani abu da masu gyara ba sa son faɗa, don babu filashi a ciki: a yawancin kwamfutocin nan ba Windows ne ke jawo nauyin ba, tsohon faifan ajiya mai juyawa ne. Sauya shi da SSD, faifan zamani marar juyawa, ya fi kowace irin ragewa tasiri, nesa ba kusa ba. RAM ɗin ma Chrome ne ke cinye shi, kuma shafi goma a buɗe nauyinsu ɗaya ko a ramamme ko a mai ƙiba. EliteBook 840 G3 tana da gurbin RAM biyu. Kafin ka yanka Windows, ka tambayi kuɗin ƙarin giga 4 a Computer Village ko Alaba. Waɗanda ragewa ta zama musu dole su ne ƙananan nan irin HP Stream, masu ajiya giga 32 da RAM da aka like a allo, ba ƙari ba sauyi.

Za ka ji ana ambatar LTSC. Shi ramamme ne daga gidan Microsoft: ba kantin manhajoji, ba tarkace, kuma komai na gyara na nan daram. Nau'in IoT Enterprise LTSC 2021 na Windows 10 zai ci gaba da samun sabuntawar tsaro har Janairun 2032. Ta fuskar gyara babu kamarsa. Cikas ɗin lasisi ne: an yi shi don kamfanoni da na'urori masu aiki guda, irin allon kanti da injin cirar kuɗi, ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane kamar Home da Pro, kuma lasisin da ke cikin laftof ɗinka ba ya kunna shi. Mai ba ka shi a kasuwa a kunne, ka san ta inda ya bi.

Saura Linux, wanda wani tsari ne daban, ba Windows ba. Linux Mint mai fuskar Xfce yana tafiya a RAM giga 2, ya fi sakewa a 4, jerin fitowarsa na 22 na da kulawa har 2029, kyauta ne, kuma yana da madannan Hausa da na Larabci. Abin da na fi so a tare da shi, kana iya tayar da shi daga filashi ka gwada wayafai da sauti da firinta kafin ka taɓa faifanka. Idan wayafai ya ƙi, galibi katin Broadcom ne, Driver Manager na magance shi. Yana kuma da Timeshift da ke mayar da kai jiya idan yau ta ɓaci. Wanda duk aikinsa a burauza yake, cike fom, imel, kallon karatu, ya gwada shi. Amma mai shagon buga katin biki da kalanda kada ya soma, don CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux, kuma takardar Word mai ado da yawa takan sauya fasali a LibreOffice, madadin Word a can. Sannan idan ya ba ka matsala a Agege, masu iya taɓa shi ba su da yawa.

Malam dai cikakken Windows 11 na ɗora masa ta Rufus, na ƙara masa madannan Hausa da na Larabci da haruffan da yake so. Lasisin cikin allon ya kunna kansa. Kafin ya tafi na sa ya zauna muka gwada abubuwan da nake so kowa ya gwada kafin ya miƙa wa mai gyara kuɗi: a buɗe Windows Update a ga yana nema yana samu, a ga Windows Security na buɗewa, a rubuta sfc /scannow a jira ya kai ƙarshe, a ƙara harshe ɗaya, a kunna kyamara, a jona firinta a buga shafi. Shafin da muka buga shi ne tambayoyin Fiƙihu na aji uku, Larabci a dama, fassarar Hausa a ƙasa, ƙa da ɗa duk da lanƙwasarsu. Ya ɗaga takardar ya duba, ya ce, "Injiniya, amma fa kamar waccan ta fi saurin tashi."

Na ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam, ta fi ta. Kwafi nawa za a buga?"